Gonar Liman

Wanduna huɗu na gani a kan igiya ranar da na faɗa ɗakin Goggo Yelwa. Ba a waje aka shanya su ba inda rana take, a cikin ɗaki ne, bayan ƙyaure, suna ɗiga a kan daɓe. Duk farare, duk na mijinta Malam Sajo, limamin masallacin ƙofar gidanmu.

Littafi na zo mayarwa. Tun ina aji ɗaya a sakandare Malam yake ba ni aron littattafansa, in na gama ɗaya in kawo in karɓi wani. Ran nan ba ya nan, ya tafi gona duba shanu.

Goggo ta miƙe da sauri ta tare igiyar da jikinta, sai kuma ta ga ai na riga na gani.

"'Yar boko, ba a koya muku sallama a makarantar taku?"

"Na yi, Goggo. Ba ki ji ba ne."

"Sallamar sauro." Ta yi 'yar dariyar yaƙe, ta jawo hannuna ta zaunar da ni a bakin gado. "Zinnira, ke 'yar gida ce. Tsufa ne ya zo wa Malam ta inda ba a faɗa. Fitsari ne ba ya riƙuwa, ɗigo-ɗigo. Kowace salla sai ya sake wando ya sake alwala. Abin da idonki ya gani, ki bar shi a nan bayan ƙyaure."

"Wallahi Goggo ba zan gaya wa kowa ba."

"Ni ban ce ki rantse ba."

Ban gaya wa kowa ba. Haka nake ce wa kaina har yau, kuma in ta fatar baki za a bi, gaskiya ne. Tambaya kawai na yi.

Kakanmu ne ya gina masallacin, shi ya je Kutama ya ɗauko Malam Sajo, ya ba shi ɗaki biyu a jikin katangarmu da gona a bayan gari. Babu takarda. Abin da ya faɗa a gaban mutane shi ne gonar ta liman ce, duk mai jan salla a masallacin nan shi zai noma ta. Shekara ashirin da shida Malam yana ja yana nomawa. Danginsa masu shanu ne, duk kaka in an kwashe amfani sai su kawo garke su sauka a kanta har bazara. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, in ka damƙa sai ta dunƙule a hannunka. Tamu da take maƙwabtaka da ita kuwa ta koma fari fat, takin zamani ne yake riƙe da ita. A shekarar nan takin ya yi wuyar da bai taɓa yi ba. Sau uku Baba yana zuwa Gwarzo nemansa yana dawowa hannu biyu. Na sha ganinsa a tsaye a kan iyaka, hannu a baya, yana kallon wancan gefen.

A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da Shari'a, kuma a ita Yaya Musbahu ya gama karatun addini a Kano ya dawo gida da takardar shaida da jakar kasa-kasan wa'azi, babu aiki. In yana magana har Baba yakan yi shiru. Ni kuwa a gidanmu ba a tambayata komai sai inda aka ajiye ashana. In mutum ya fi biyu a wuri, harshena sarƙewa yake. So nake ko sau ɗaya Yaya ya san ni ma ina karatu, ba riƙe littafi kawai nake ba.

A cikin sabon littafin da na karɓo na tarar da babin limanci, kuma ga zancen lalurar Malam a ciki ƙarara. Kwana biyu ina jujjuya shi. Rana ta uku da hantsi, Yaya yana zaune a rumfar tsakar gida, Inna tana ɓarar gyaɗa a gefe, na matsa na durƙusa.

"Yaya, ina da tambaya. Wai mai lalurar yoyon fitsari zai iya jan masu lafiya salla?"

Ya ɗago. "A ina kika ga wannan?"

"A littafi."

"Littafin wa?"

"Na... na Malam."

"Babi nawa ne a littafin?"

"Da yawa."

"Duk a cikinsu wannan ne ya hana ki barci?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabina, zufa tana bin bayana. Da na yi dariya na ce jarrabawa za a yi mana, da shi ke nan. Ban iya ba. Shirun nan shi ya faɗi komai.

Inna ta daina ɓarar gyaɗa. "Af! Shi ya sa sabulu ba ya kwana a wurin Yelwa. Ni kuwa in ce tsohuwar nan wankin me take yi kullum kamar mai jego."

Bayan la'asar Baba ya aiko a kira ni. Yana kan darduma a ɗakinsa, Yaya yana gefe da littafin a buɗe a kan cinya.

"Ke ma an ce kin karanta," in ji Baba. "Gaskiya ne malamai sun ce ba a son irin wannan ya shiga gaba?"

Abu biyu littafin ya ce. Ya ce ba a so, in akwai wani ya fi kyau wanin ya ja. Sannan a layin da yake biye ya ce in ya ja, sallar kowa ta yi, babu ramuwa. Layin nan na biyu na haddace shi, don shi ya kwantar min da hankali tun farko.

Na ce, "Haka ne, Baba."

Na jira ya tambaye ni saura. Bai tambaya ba. Ya dafe kai da hannu biyu. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sallolinmu! Shekara nawa ke nan Allah kaɗai ya sani."

Na saci kallon Yaya. Yatsansa yana kan shafin, daidai layin. Ya rufe littafin a hankali.

Inna ta gaya wa Asibi mai koko, ta ce amana ce. Kafin Juma'a babu gidan da amanar ba ta shiga ba. Da na je sayen koko Asibi ta riƙe ludayi a sama ta ce, "Ke 'yar malamai, wai da gaske duk sallar da aka yi bayansa sai an rama? Maigidana ya ce shi kam ya ci riba, don dama ba zuwa yake ba."

Matan da suke layi suka kwashe da dariya. A nan ma ina iya cewa ba haka ba ne. Na karɓi kokona na wuce.

Babu wanda ya tari Malam da maganar. Gaisuwa ma sai ta ƙaru. Mutum zai durƙusa ya tambaye shi gajiya da iyali da shanu da zafin nan da ake yi, sannan in an ta da iƙama ya zame ya tafi masallacin bakin kasuwa. Sahu uku ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya da ɗan guntu. Wata safiya samari suka kwashe tabarmin gaba suka wanke wurin tsayuwar liman da omo da ruwan zafi, suka ce tsaftar masallaci suke yi saboda Allah. Buzun Malam kuwa aka rataye shi a kan katanga ta bakin hanya, wai ya sha rana. Tun safe yana nan. Duk wanda ya wuce sai ya kalla. Da azahar Malam ya zo ya miƙa hannu ya sauke abinsa, ya kakkaɓe, ya shiga ya shimfiɗa. Ina leƙe ta kafar zaure. Bai kalli kowa ba.

Sai ya daina shan ruwa.

Goggo ce ta gaya min, ran da Inna ta aike ni da fura. Ta karɓi kwanon ta ajiye ta rufe da faifai.

"Ba zai sha ba. Daga asuba har a yi isha'i ko kurɓa ɗaya. Wai in babu abin da ya shiga babu abin da zai fito."

"A zafin nan, Goggo?"

"Gaya masa. Wataƙila ke ya ji taki, tunda ke 'yar littafi ce irinsa."

Yana zaune a ƙofar ɗaya ɗakin yana jan carbi. Leɓensa ya tsattsage ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi.

"A'a, Malama Zinnira. Ina aka kwana a littafin namu?"

"Ina... ina tsakiya, Malam."

"Madalla. A bi a hankali. Karatu ba tsere ba ne."

Abin da na iya faɗa ke nan. Na tashi na tafi da zancen furar a cikina.

Da can in Malam ya yi kabbara har madafinmu ake ji, da ita Inna take sanin lokacin sauke tukunya. Yanzu sai ka kasa kunne a jikin katanga. Muryar ta shaƙe, tana fita kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Mai kemis na bakin tasha ya ce wa wata ƙawata wannan ciwon tsofaffin maza ne, ana yin aikinsa a asibiti a Kano, da yawa suna warkewa. Na kawo wa Inna labarin da gudu kamar na tsinto wani abu.

"Kano?" ta ce. "Da wane mai? Ba ki ga a-kori-kurar babanki kwananta uku a layin gidan mai ba? Kowa ta kansa yake yi yanzu."

"Inna, ruwa fa ya daina sha."

"Mu muka ce ya daina? Tsoho da taurin kai. Ai da ya ce ya gaji, da tuni an huta."

Yaya kuwa da na kuskura na ce masa Malam ba shi da lafiya, cewa ya yi, "Addini ba ya jin kunyar kowa, Zinnira. Zamanin a rufa a danne ya wuce. Shari'a ake yi yanzu."

Ya ce haka, amma bai bar masallacin ba kamar sauran samari. Kullum shi ne na farko, kullum a bayan liman daidai yake tsayawa, har kafaɗar wani ya taɓa turewa don wurin. Na ɗauka tausayi ne.

Ranar wata Talata da azahar, rana kamar ta sauko ƙasa, ina wanke-wanke a jikin katangar masallaci. Na ji kabbarar farko. Na ji ta ruku'u. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na tsame hannuna daga ruwa. Sai na ji wani abu ya faɗi, tim, kamar an sauke buhu. Sai muryar Yaya Musbahu, garau, ta ɗauki sallar daga inda ta tsaya.

Haka hukuncin yake, in liman ya kasa, na bayansa ya matsa gaba ya ƙarasa. Ba wanda zai ce an yi ba daidai ba. Sai da aka yi sallama sannan aka ɗauko Malam aka kai shi ɗaki, Goggo tana ɗura masa ruwa da cokali tana kiran sunan Allah. Da la'asar Yaya ne ya ja. Da magariba ma shi ne. Taku ɗaya ya yi zuwa gaba ran nan, bai sake komowa baya ba.

Kwana shida Malam yana kwance. A na bakwai Baba ya sa babbar riga ya je gaishe shi. Ina ɗakin, na kai kunu, ban sami hanyar fita ba don Baba ya zauna a bakin ƙofa. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Ya jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara afuwa, Allah ya sa kaffara ne.

"Malam," in ji Baba, "ka yi mana hidima, Allah ne kaɗai zai biya ka. Yanzu jiki ya ce a huta. Yaron nan ɗanka ne, kai ka koya masa alif. Bari ya riƙe maka."

"Ya riƙe, Alhaji. Allah ya taya shi."

"Ɗaki kuwa naku ne. Muddin ina numfashi babu mai ce muku ku matsa."

"Allah ya saka da alheri."

Baba ya gyara zama, ya kalli rufin ɗaki, ya yi gyaran murya. "Sai dai zancen gona. Ka san yadda marigayi mahaifinmu ya faɗa, kana wurin. Ta mai jan salla ce. Wallahi da tawa ce ko kallonta ba zan yi ba. Amma maganar mamaci, ni wane ne in canza ta?"

Goggo Yelwa tana bayan labule. Ban taɓa jin ta sa baki a maganar maza ba sai ran nan.

"Alhaji Dalhatu, shanu shekaranjiya suka tashi daga kanta. Wata biyar suna kwana a wurin. Ko baƙo aka ba aron gona, in ya zuba taki ba a karɓa sai ya ci daminarsa. Ko a garinku ba haka ake yi ba?"

"Goggo, ai wannan ba aro ba ce. Wasiyya ce."

"To me za mu ci? Wasiyyar?"

"Haba Goggo. Ga gida? Akushi ba zai yanke ba, safe da yamma."

"Yelwa," in ji Malam, idonsa a rufe, "ya isa."

Baba ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa, ya fita.

Akushi bai yanke ba, kada in yi wa gidanmu ƙarya. Ni nake kaiwa. Amma mutumin da ya shekara ashirin da shida yana ci daga rumbunsa, har ya auna wa maƙwabta in damina ta yi tsawo, yanzu sai ya zauna ya jira a tuna da shi. Wata rana da wuri, wata rana sai Inna ta gama da baƙi. Ran da miya ta yi kaɗan a tsinka tasu da ruwa. Sau da yawa ina dawowa da akushin kamar yadda na kai shi, Inna ta buɗe ta ce, "Ka ji masu girman kai. Yunwa ba ta kama su ba ne."

Da ya ji sauƙi ya koma masallaci. A ƙarshen sahu yake tsayawa, daf da ƙofa, inda takalma suke. Duk da haka wanda ya zo kusa da shi sai ya bar 'yar tazara, a masallacin da Yaya yake tsayawa yana cewa a haɗa kafaɗa a toshe kafa kada Shaiɗan ya shiga. Wannan kafar ita kaɗai bai taɓa cewa a toshe ba.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Lahadi. Washegari da sassafe ɗan wan Malam ya iso daga Kutama da amalanken shanu. Ba su gaya wa kowa ba sai da ya tsaya a ƙofa.

Malam ya sa farar rigarsa ta Idi, ya ɗauki sanda, ya bi unguwa gida-gida yana neman yafiya, kamar yadda mai barin gari yake yi. Ya tsaya a ƙofar waɗanda suka wanke masallaci. Ya tsaya a ƙofar Asibi. "In na taɓa saɓa muku, da sani ko da kuskure, ku yafe ni." Kowa ya ce, "Haba Malam, ba ka yi mana komai ba, mu ne za ka yafe wa." Asibi har da hawaye. Babu wanda ya ce kada ka tafi.

Ni ina ɗaki ina taya Goggo ɗaure kaya. Tukwane uku, tabarmi, buhun littattafai, tsohon gadon ƙarfe da aka kwance. Ta hau kan kujera 'yar tsugunne tana kwance igiyar bayan ƙyaure. Ƙullin da nake yi ya ƙi ƙulluwa.

"Goggo."

"Na'am."

"Ni ce."

Ba ta juyo ba. "Na sani. Ke kaɗai kika taɓa ganin igiyar nan."

"Ban faɗa ba, wallahi. Tambaya na yi wa Yaya, ban kira suna ba, so nake kawai..." Kuka ya ci ƙarfina.

Ta sauko, ta naɗe igiyar a hannu ta jefa a cikin kwando. Ba ta rarrashe ni ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Kin gama? To share ido ki ji. Babanki ya san ciwon nan tun bara waccan."

Na ɗago.

"Malam da ƙafarsa ya je ya same shi a zaure. Ya ce ga lalurar da ta same ni, malamai sun ce in akwai wani ya fi, a nemi wani. Babanki ya riƙe masa hannu ya ce, Malam, ai salla ta yi, kai ka karantar da mu haka. Rufa mana asiri ka ci gaba har Musbahu ya gama makaranta, maganar nan daga ni sai kai. Shekara biyu yana bin sa salla da saninsa."

"Amma... amma a gabana ya dafe kai yana salati."

"To da me zai dafe?"

"Me ya sa Malam bai faɗa wa mutane ba?"

"Na ce ya faɗa. Har faɗa muka yi, irin wanda ba mu yi ba tun muna yara. Ya ce wanda ya ci gishirin Alhaji babba ba zai tsaya a ƙofar masallacinsa ya ƙaryata ɗansa ba." Ta ɗora kwandon a kaina. "Kai min waje. Ki bi a hankali, akwai kwalbar man shanu a ciki."

A bakin amalanke Malam ya gan ni. Na ajiye kwandon na ruga gida na ɗauko littafinsa na miƙa masa da hannu biyu. Ya duba bangon, ya mayar min.

"Kai wa yayanki. Liman yana bukatarsa." Sannan ya ce, "Malama Zinnira, na sha yi miki tsawa a kan karatu. Ki yafe ni."

Ya jira kaɗan, ya gyaɗa kai kamar na amsa, aka kama shi ya hau.

Baba ya fito da turmin shadda da mudu goma na gero ya ɗora musu a kan kaya. Ya raka amalanken a ƙafa har bakin gari, yana riƙe da gefensa. Mutane suka riƙa cewa, ka ga ɗan halak, ya riƙe amanar ubansa har ƙarshe.

Ƙasa tana da laima, ba a wasa da shukar ruwan farko. Kafin azahar muna gonar liman. Baba da Yaya suna gaba da sungumi suna sara, ni da ƙannena muna biye da ƙoƙon iri. In jefa gero a rami in tura ƙasa da diddige in taka. Busasshen kashin shanun dangin Malam yana farfashewa a ƙarƙashin ƙafata. Kunya bakwai na shuka ran nan da hannuna. Ba wanda ya tilasta ni. An ce zo, na zo.

A unguwarmu in ka tambaya yau za a ce maka Malam Sajo tsufa ne ya kama shi ya koma cikin danginsa, da kansa ya tafi, babu wanda ya kore shi. Kuma haka ne. A gidanmu ba a korar mutum. Ba a ɗaga masa murya, ba a hana shi tuwo. Gaishe shi ake yi da ladabi, a yi masa addu'a, a janye tabarmar da yake kai kaɗan-kaɗan har ya ga a ƙasa yake zaune, ya tashi don kansa. Kowa ya ja nasa gefen, ba wanda ya ja da yawa. Inna amana ta bayar. Samari tsafta suka yi. Yaya taku ɗaya ya yi. Baba wasiyya ya cika. Ni tambaya na yi. In aka bi mu ɗaya-ɗaya babu wanda alƙali zai kama, ko na Shari'ar da muke ta murna da zuwanta.

Amma Baba amana aka ba shi, ya rasa bakin da zai fitar da ita ba tare da an ce shi ne ba. Ni na ara masa nawa.

Geron ya yi kyau, irin kyan da masu wucewa suke tsayawa su ce masha Allah. Ran da aka fara tuƙa tuwon sabon hatsi Baba ya yi baƙi, abokan kasuwancinsa biyu daga Kabo. Bayan la'asar aka ce in je zaure in kwaso kwanuka. Na durƙusa ina haɗawa, sai Baba ya ce wa baƙin, "Kun ga wannan? Kada ku ga ba ta magana. Ita ta ceci sallar unguwar nan. Da ba don karatunta ba da har yau muna cikin duhu."

Baƙin suka ce Allah ya ƙara basira, Allah ya ba da miji nagari.

Na ɗaga kai na kalli Baba, abin da ban taɓa yi ba a gaban mutane. Duk maganar tana bakina, layin nan na biyu, da abin da Goggo ta gaya min, a jere, ko sarƙewa ba za ta yi ba. Shi ma ya kalle ni. Bai kawar da ido ba. A nan na gane ya san na sani, kuma ya san abin da zan yi.

Ya turo min akushinsa da ragowar tuwo da tsoka biyu a kai, irin ragowar da Yaya kaɗai ake bar wa.

"Ungo. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin. Na ɗauka na shiga da shi cikin gida, na zauna a bayan rumbu inda babu mai ganina. Tuwon yana da daɗi. Na cinye shi tas.